Kunnenta na Dama

Mijin ƙanwata mutum ne mai son a ce ya iya. Ya yi kiwon kaji sun mutu, ya yi facin taya ya bari, sai ya koma fasa tsofaffin baturan mota a gidansu na Yashe. Ya zubar da ruwan a gindin dalbejiya, ya narka dalmar a kasko a tsakar gida. Wai kamfani. Kamfanin nan murhu ne da guduma da hayaƙi, tokarsa tana sauka har kan tabarmar shanyar gero. A cikinta ɗiyarsu ta yi rarrafe, tana tsotsar yatsu.

Da yake ɗiyar fari ce, ƙanwata ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana gaban mutane. Sai dai ta miƙa mata kwano ta kau da kai. Shi ya sa ba ta lura ba. Uban kuwa in ya kira ba ta juyo ba, sai ranƙwashi.

Na je sunan ƙaninta daga Kankia, yarinyar ta isa shiga makarantar allo. Mai tallan nono ta yi kira a ƙofar gida, yara duka suka ruga, ita tana zaune da 'yar tsanarta. Na raɗa mata magana ta hagu, shiru. Na koma ta dama, ta yi murmushi. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ni na kai ta asibiti. Aka gwada jini, likita ya ce dalma ce ta taɓa mata jijiyar ji. Abin da ya tafi da wuya ya dawo, amma a raba ta da ƙurar ko sauran ya tsira.

Na tarar da uban a bakin kaskonsa, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Ragonsa ma ya mai da shi gidan maƙwabta, wai hayaƙi na sa shi tari.

"Malam, likita ya ce aikin nan ne ke cinye mata kunne."

"Haba Yaya, ni da nike ciki kullum ba ga shi ina jin ki ba? Taurin kai ne, wajenku ta gado shi."

"Ragon fa, wajen wa ya gado tari?"

Sai ya koma wa'azin ƙaddara. Ba don ina jin kunyar Allah ba, da na faɗa masa abin da ke bakina. Na ce ya ba ni riƙonta.

"Ɗauke ta mana. Da ma ba ta aikuwa."

Ko ɗagowa bai yi ba.

Ƙanwata ta ƙulle mata kaya, jariri a goye, shi ma cikin wannan hayaƙin. Ta rako mu zaure. Can ta duba ba kowa, ta sunkuya ta kira sunan ɗiyarta, karo na farko da na taɓa ji. Ashe ta hagun yarinyar ta tsaya. Yarinyar tana kallon hanya.

Na kama kafaɗunta na juya ta.

"Sake faɗa," na ce wa ƙanwata.