Kashi Goman da Na Bar wa Inna

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, ana dab da kiran sallar azahar, Allah ya karɓi ran mahaifiyata, Inna Azumi, a asibiti a Birnin Kudu, bayan gajeriyar jinya. Muka ɗauke ta zuwa gida Dingaya, aka yi mata sutura bayan la'asar. Na Allah muke, wurinsa kowa zai koma, kuma ba ni da ja da hukuncinsa. Sai dai yarda da hukunci bai hana bawa ya san inda ya yi sakaci ba, ni kuwa na san nawa, shi ya sa wannan ta'aziyya ta yi mini nauyin rubutawa.

Inna, yau zan yi miki magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba kina raye. Ni ne ɗanki na fari, kuma a gidajenmu na masu shanu kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta bari a ga ta damu da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kaka, daga can kawuna ya ɗauko ni Birnin Kudu ya sa ni a makaranta. Na girma, na zama malamin gona a ƙaramar hukuma, furfura ta fito mini a gemu, amma a bakinki ban taɓa wuce "mutumin Birnin Kudu" ba. Ni ma na iya nawa ɓangaren. In na zo gaishe ki, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa. Mutane suna yaba mana, suna cewa gidan nan akwai tarbiyya, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Mutanen Gwaram sun fi ni sanin fuskarki, don shekara da shekaru kina kai fura da nono kasuwarsu. Direbobin tasha sun ce gyaran da kike yi wa mutum wani lokacin ya fi abin da ya saya yawa, kuma in kin lura aljihunsa babu nauyi, sai ki ce nonon jiya ne, dama zubarwa za ki yi. Ba na jiya ba ne, kowa ya sani. An kuma ba ni labarin shekarar da shanunmu suka faɗa gonar geron maƙwabci. Kafin maza su gama neman sanduna, kin riga kin isa gidan mutumin da ƙwaryar kindirmo a ka, kin zauna a tsakar gida kin ce ba za ki tashi ba sai an nuna miki ɓarnar. Da mazan suka iso da zafinsu, sai suka tarar da mai gonar yana shan kindirmon. A zaune aka gama maganar.

Yarana su suka ci moriyar hirar da aka hana ni. Babban ɗana kike kira mijinki, kina tsokanarsa wai marowaci ne, ko goro bai taɓa kawo miki ba. A cikin wasan nan kike saka tambayar da ta dame ki, ki ce wai mai gidansu yana cin abinci kuwa, kin ga kamar ya faɗa. Kwalbar man shanu ba ta taɓa yankewa a gidana ba, kuma kullum saƙon da ke biye da ita ɗaya ne, a kai wa yaran gidan can. Yaran ba sa son man shanu. Ni ke so, kin kuma sani.

Bara waccan aka ba mu dama a wurin aiki mu sa iyayenmu cikin inshorar lafiya. Madam Jane, wadda ke kula da wannan harka a ofishinmu, ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai tsari na wani kamfani mai ɗaukar kusan komai, amma asibitocinsa duk suna Kano, ba zai yi wa mutumin Dingaya amfani ba. Akwai tsarin da yawancinmu ke ciki, ganin likita da kwanciya a kansu, amma duk maganin da aka rubuta, sai mara lafiya ya biya kashi goma cikin ɗari a tagar ba da magani kafin a miƙo masa. Sai kuma abin da muke kira ciko, wanda ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata ta kafa. Za a ƙara cire wani abu daga albashinka duk wata, su kuma su riƙa biyan wannan kashi goman, mara lafiya ya karɓi maganinsa ya tafi.

Na ce mata kashi goma ai ba wani abu ba ne. Ta ce a wurin mai albashi haka ne. Sannan ta ce, "Malam Safiyanu, in Mama tana shan magani kullum, ka yi ciko. In sai jifa-jifa take zuwa asibiti, na biyun ya isa. Amma je ka tambaye ta, kada ka yi mata kintace."

Na san an taɓa ce miki kina da hawan jini, amma iyakar sanina ke nan. Don haka na hau babur na zo Dingaya. Na tarar da ke kina kaɗa nono, kin ba ƙofa baya, ƙanwata Ummi ta zo daga gidan mijinta a Maruta tana taya ki aiki. Na durƙusa inda na saba, na yi wa Ummi bayanin tsare-tsaren nan da ƙarfi don ki ji, na ce ina so in san ko kina shan magani kullum. Ba ki juyo ba. Kika ce, "Ummi, gaya wa baƙonku lafiyata ƙalau. Ya bar kuɗinsa ya yi wa iyalinsa hidima."

Inna, na ji wannan amsa, na kuma san irin amsar da ce. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san "lafiya ƙalau" ta kunya, ya san ana sake tambaya, ana bi ta wajen goggo ko a ja ƙanwa gefe. Ban sake tambaya ba. A lokacin ina fama da rufin gida, kuma da kika faɗi haka sai na ji sanyi a raina. Wannan sanyin shi ne abin da ya fi ci mini rai yau. Na fake da ladabi na koma Birnin Kudu, na gaya wa Madam Jane na biyun ya isa. Ta yi miki rajista a kansa.

Da katin ya fito na aika miki ta hannun Ummi. Ba ki aiko da godiya ba, ban kuma sa rai ba. Ashe a bakin rijiya kike yin godiyar. Kin gaya wa matan Dingaya kaf cewa mutumin Birnin Kudu ya yi miki katin asibiti wanda ko sisi ba a karɓa. Wannan ce kaɗai hanyar da al'ada ta bar miki ki yi alfahari da ni, kika kuwa bi ta har ƙarshenta.

Sai kika je asibiti a Gwaram, aka auna ki, aka ce ban da hawan jini har da ciwon suga, aka rubuta magungunan da za ki riƙa karɓa duk wata. A taga aka ce ki kawo kashi goma. Kika kwance bakin zane kika biya da kuɗin nono, kika dawo gida ba ki gaya wa kowa ba. In kin faɗa, kin ƙaryata abin da kika yaɗa, kuma kin nuna aikin ɗanki bai cika ba. Ko Baba bai sani ba. Abin da nake aikowa duk wata hannunsa yake shiga, ya tafi a hatsi da dusar dabbobi, ke kuma ba za ki buɗe baki ki ce a yago miki wani abu a ciki ba.

Da damina da kaka abin ya tafi daidai, don akwai nono. Da rani ya yi nisa ƙannena suka kora shanun kudu neman ciyawa, ƙwarya ta bushe, magani kuma ya yi tsada, kashi goman ya tashi tare da shi, ga kuɗin babur zuwa Gwaram. Ranin farko kin lallaɓa, kin sayar da kaji. A na biyu kika fara raba ƙwayar magani biyu, daga baya kika koma sha yau a tsallake gobe. Ummi ta gane, kika sa ta rantse ba za ta ɗora wa mutumin Birnin Kudu damuwa ba. Duk wannan lokacin ina zuwa, ina durƙusawa a bakin ƙofa, ana ce mini lafiya ƙalau, ina cewa madalla. Da na ɗaga kai sau ɗaya na dubi ƙafafunki, da na ga kumburin.

Kina shara da safe kika faɗi, ɓarin jikinki na dama ya shanye, baki ya rufe. Da aka kawo ki Birnin Kudu likita ya tambayi yaushe rabonki da magani. Na yi saurin cewa ai kina da inshora. Ummi ta sunkuyar da kai ta ce tun tafiyar shanu ba ki sha shi yadda aka rubuta ba. A nan, a gaban likita, na fara jin duk abin da na rubuta a sama. A kwanakin da kika yi a gadon nan na fara zama kusa da ke, na riƙe hannunki, na kalli fuskarki da kyau. Ashe hancina naki ne. Kin riƙa ƙoƙarin kawar da kai don kunya, wuyan ya ƙi juyawa, sai kika haƙura kika bar idonki a kaina. Na roƙe ki gafara. Ban san ko kin amsa ba.

Ranar addu'ar uku wani baƙo ya zo Dingaya ya nemi ganina. Ya ce sunansa Edward, shi ke ba da magani a tagar da kike zuwa. Ya ce ya sha yi miki bayanin ciko, ya ce ki bari ya kira ɗanki, kika ce ko kusa. Da ya ga abin ya yi miki wuya ya biya miki daga aljihunsa, kika gane, kika kawo masa kwalbar man shanu, daga nan kika ɗauke ƙafa don kada ki zame masa nauyi. Ya ce abin na damunsa, da ya sani da ya kira ni ko kin ƙi. Na ce masa shi ya yi abin da ɗa ya kamata ya yi.

Ya miƙe zai tafi, sai ya dawo ya zauna. Ya ce ƙa'idar aikinsu ce a tambayi mai kati sunan wanda ya yi masa rajista. Ranar farko da ya tambaye ki, kika juya fuska kika yi shiru, har sai da wata mata a layi ta gaya masa ɗan fari ne. Daga ranar shi ke karanta sunan, ke ki gyaɗa kai.

"Amma Malam," in ji shi, "duk ranar da na ce Safiyanu, sai ta ce kunnenta ba ya ji sosai, in sake faɗa. Sai na faɗa sau biyu, wani lokacin sau uku. Kuma in na faɗi kuɗin magani, ko a hankali na faɗa, tana ji."

Na tashi na zaga bayan garke na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakin Baba na zauna a kan tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya yi kamar zai tashi, na ce ya yi haƙuri ya zauna. Na tambaye shi me ke damunsa a jiki, ya ce lafiya ƙalau. Na sake tambaya, na kuma sakewa, har ya gaji ya ce fitsari na ba shi wahala tun bara. Washegari na je wurin Madam Jane aka sa shi a inshora, har da ciko. Ba ta tuna mini da komai ba, Allah ya saka mata da alheri. Ba na cewa a watsar da kunya, da ita aka raine mu. Amma duk mai iyaye a ƙauye da zai zaɓa musu tsarin asibiti, kada ya tsaya a amsar farko.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba, wanda ya rasa abokiyar zamansa tun ƙuruciya, da ƙannena da suka baro shanu a kudu suka tarar an riga an rufe ki, da 'yan'uwanki na Maruta da Surko, da matan Dingaya da mutanen kasuwar Gwaram. Ummi, ki daina kuka a kan rantsuwar nan. Kin riƙe amanar Inna ne, tambayar da ba a yi ba tawa ce.

Ya Allah ka jiƙan Inna Azumi, ka yafe mata kurakuranta, ka sanya ciwon da ta ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da masu ƙishi ba ta duba aljihunsu ba. Ni kuma ka yafe mini sakacina, ka sa ta yafe mini. Ka haɗa mu a Aljanna Firdausi, Inna, inda ba sai kin roƙi kowa ya sake faɗa miki sunana ba. A can ki kira ni da bakinki, zan amsa.