Gajiyar Mama Rifkatu, Yadi-Yadi

Ku da kuka san Mama Rifkatu, ƙanwar mahaifiyata, telar nan ta bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, kun san ba a gaishe ta a tsaye. Duk duniya in an ce "Ina gajiya?" sai a amsa "Ba gajiya." Ita kuwa sai ta ɗago kai ta ce, "Akwai! Yadi huɗu da rabi. Zauna ka ji."

Abin ya samo asali ne a ƙarshen shekarun tamanin, da ƙafafunta suka fara nauyi, idonta yana hazo. Aka kai ta Jos. Likita ya ce sunan ciwon em-es, yana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi.

"Ashe jijiya ma tana da riga?" in ji ta. "Da ka faɗa tun wuri ai da na ɗinka mata."

Ya ce kullum ta riƙa rubuta gajiyarta, daga ɗaya zuwa goma, don ya san yadda take tafiya. Ta ce ita ba 'yar firamare ba ce, da yadi take awo. Yadi ɗaya, za ta iya zuwa kasuwa. Yadi shida, turmi guda ke nan, ko cokali sai an ɗaga mata. Wallahi likitan ne ya sauko. Duk zuwa sai ya buɗe littafin ya ce, "Mama, wannan watan turmi nawa?"

Zafi ne babban maƙiyinta. A coci kujerar bakin taga tata ce, da tsumma jiƙaƙƙe a wuya. Wata Lahadi fasto ya ja wa'azi har rana ta take. Da aka tashi ya zo gaishe ta.

"Fasto, na shigo da yadi biyu, zan fita da biyar. Ukun nan naka ne."

Mako na gaba, ana taɓa Zabura aka yi addu'ar rufewa!

Amma abin da ba na mantawa shi ne aurena. Lokacin ƙafarta ta daina taka keken ɗinki. Na ce zan kai ɗinkin rigar auren wani wuri.

"Talatu, ina da rai? Kai ta mu gani!"

Ta fara tanadin ƙarfi kamar mai ɓoye iri. Ta bar kasuwa, ta bar zumuntar matan coci, har faɗa ta bari. Mijinta, Baba Yohanna, uban ɗanta Ishaya, ya fasa mata randa, ya tsaya yana jiran ruwan masifa. Ta dube shi ta ce, "Baban Ishaya, ƙarfin nan na rigar Talatu ne. Ajiye laifinka sai bayan biki."

Da hannu ta ɗinka ta, da sanyin safiya, allura na kuɓuce mata tana tsinta. Mako bakwai. Ranar ɗaurin aure a kujera aka ɗauko ta. Ta shafa kafaɗar rigar, ta ce, "Nan ya ɗan karkace." Ta share ido. Washegari kuwa Baba Yohanna ya sha faɗansa cif, har da na bara.

Ba ta ga ɗana na biyu ba. Ubangiji ya ba ta hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da mu da muka saura. Amin.