Jan Alƙalami Goma Sha Shida

Umezawa Tokuji shekara talatin da ɗaya ya yi yana zana gidaje, kuma ko ɗaya ba a taɓa cewa nasa ba ne. Shi ke zana bayan fage a wani labarin zane irin na Japan, wato manga, mai suna Mai Gyaran Laima. Maigidansa, Hiraga, zai zana mutane ya miƙo takardar, shi kuma Tokuji ya cike abin da ya rage: rufin kwano, wayoyin lantarki, matakalar dutse, kyanwa a kan katanga.

Abin da ya fi cin ransa shi ne lokaci ɗaya suka zo Tokyo, rana ɗaya aka ɗauke su aiki a wurin wani tsohon mai zane a Nerima. Kowa ya san a lokacin hannun Tokuji ya fi. Ya kai nasa labarin mujallar mako-mako, aka buga, masu karatu suka aiko da katunan zaɓe, ya zo na ƙarshe sau tara a jere, aka yanke shi. Na Hiraga kuwa, wanda ko keke bai iya zanawa ba, sai ya kama kamar wutar daji.

"Zo ka riƙe mini zanen gidajen na wata shida," in ji Hiraga. "Kai da kanka ka san gidajena kamar akwatin ashana suke."

Wata shidan ne ya zama littafi arba'in da biyu. Aka mai da labarin katun na talabijin, aka yi shi a dandamali, aka yi fim har sau biyu. Kowa ya koma kiran Hiraga da Malam, har editan da ya girme shi. Tokuji kaɗai ya ƙi. "Kai Hiraga, wannan hannun hagu ne ko cokali?" Haka yake masa magana a gaban mutane, Hiraga ya yi dariya, dariyar kuma ta ƙara masa haushi. Hassada ce, ba wani abu ba, shi ma ya sani. In an aiko wa Hiraga da furanni ofis, fita yake ya ci taliyarsa a tsaye a bakin tasha. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Unguwar da ke cikin labarin kuwa ba Hiraga ya ƙirƙira ba. Lungun su Tokuji ne a garin Onomichi, shi ya ɗauko shi daga ka ya zuba a takarda, har da shagon awarar mahaifiyarsa da allonsa: Awarar Umezawa. A rubutun Japan, harafin ƙarshe na sunan iri biyu ake rubuta shi, akwai sabo mai jan alƙalami bakwai, akwai tsoho mai goma sha shida. Gidansu tsohon suke rubutawa, kuma mahaifinsa ya taɓa mayar da wasiƙa gidan waya saboda an yi masa na bakwai. Duk ƙanƙantar allon a shafi, ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai Tokuji ya ja goma sha shidan nan cif.

Abu ɗaya yake nema a duniya: ya ga sunansa a cikin littafin, ko sau ɗaya. Wasu masu zane sukan jera sunayen mataimakansu a shafin ƙarshe. Hiraga bai taɓa yi ba, girman kai kuma ya hana Tokuji roƙo. Sai da labarin ya zo ƙarewa, Hiraga ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "A littafin ƙarshe da hannuna zan rubuta godiya. Sunanka ne a sama, tsohon mai mita."

"Wa ya roƙe ka?" in ji Tokuji. Amma ranar ya sayi sabuwar riga.

Da littafin ya fito, bai buɗe shi a Tokyo ba. Ya sa shi a jaka ya hau jirgin ƙasa zuwa Onomichi, don ya buɗe a gaban ƙanwarsa Fumie, wadda ke riƙe da shagon tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya tarar lungun cike da baƙi, kowa da littafi a hannu yana gwada shafi da gini. A bakin matakala an kafa allon ƙarfe an rubuta: Lungun Malam Hiraga. Mutumin da bai taɓa taka garin ba!

"Yaya, ka iso?" in ji Fumie, hannunta a cikin ruwan awara. "Ka kawo mini sa hannun Malam ɗin? Baƙi sai tambaya suke."

"Malam ɗin wa? Ni na koya masa riƙe rula."

"To, to, mun ji. Kai dai ba ka canzawa."

Ya zauna a kan benci ya yaga ledar littafin, ya tafi shafin ƙarshe kai tsaye. Ga rubutun Hiraga nan, ga sunan a sama kamar yadda ya alkawarta. Tokuji ya ƙura masa ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Jan alƙalami bakwai.

Fumie ta leƙo ta kafaɗarsa. "Af! Wannan ai ba mu ba ne. Umezawan masu kifi ne na gangare."

Da a ce da gangan Hiraga ya yi, da Tokuji ya ji daɗi, don ko ba komai ya samu abokin faɗa. Amma ya san ba da gangan ba ne. Allon nan ya bi ta hannun Hiraga sau dubbai, mako bayan mako, shekara talatin da ɗaya, ashe bai taɓa duban abin da ke bayan mutanensa ba. Shi Tokuji ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga furannin wani, wanin kuwa ko harafinsa bai ƙirga ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da yanke labarinsa da aka yi.

Ya tashi ya fita ƙofar shago, ya ɗaga kai yana kallon allon na gaske, wanda mahaifinsa ya rubuta da burushi. Wata budurwa mai littafi na arba'in da biyu a hannu ta ɗaga wayarta, ta ɗan rusuna masa cikin ladabi.

"Baba, yi haƙuri, ɗan matsa gefe. Allon nake so in ɗauka. Kin gani?" ta juya ga ƙawarta. "Daidai yadda Malam ya zana shi, ko ja ɗaya bai bari ba."

Tokuji ya matsa.