Isiya Ya Rasu Lawali Yana Hannunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau, ban ma tashi daga kan buzu ba, aka kira ni daga Anka aka ce Allah Ya yi wa Malam Isiya rasuwa. Na sa aka maimaita mini sunan.

Ɗalibina ne. A zaurena ya yi karatu tun yana saurayi, lokacin da nake limanci a wani ƙauye kusa da Bagega, kafin rashin tsaro ya maido ni Bukkuyum. Daga baya ya kama aiki a ofishin kula da walwalar jama'a, ya riƙa bin yaran da aka kama har kotu. Ya yi ritaya, amma bai daina ba.

Ya rasu akwai wani yaro a hannunsa, Lawali, wanda ba a gama shari'arsa ba. Saboda yaron nan nake wannan rubutu.

Bara da damina Isiya ya iso ƙofar gidana a kan babur, wandonsa duk taɓo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kai kar raɗa ma ɗan marigayi Sahabi suna?"

Na ce ni ne.

Ya ce to yaron nan, Lawali, an kama shi tare da wasu magidanta, sun sace injin jan ruwa a wurin haƙar zinari. Aikin rami ya buɗe masa ƙirji, ga tsawo, ga murya, sai aka ɗauke shi babba aka kulle shi tare da manya. Ba shi da takardar haihuwa, kamar akasarin yaran ƙauyukanmu. Uban ya rasu, uwar kuma duk wanda ya tambaye ta shekarunsa sai ta fashe da kuka.

Na ce, "To shin ya yi satar?"

Ya ce, "Ya yi, Malam. Ban zo in wanke shi ba. Amma tsawo gare shi, ba shekaru ba. In yak kwana biyu cikin mutanen ga, abin da za shi koyo ya hi injin muni."

Ranar sunan Lawali ba ranar da zan manta ba ce. Shekarar gubar dalma ce, shekarar da ƙananan yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukanmu. Da hantsi na raɗa masa suna, kafin azahar na sallaci ɗiyar maƙwabcinsu. Naman ragon sunan da shi aka ciyar da masu zaman makoki.

Isiya ya ce, "Shi ke nan. Hakanan za ka hwaɗi ma alƙali."

Na ce ni tun da nake ban taɓa taka kotu ba, kuma babur ba abokin tafiyata ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ka koya muna tawakkali?"

Na hau.

Na faɗi abin da na sani a gaban alƙali, ban ƙara ba ban rage ba. Isiya ya kuma nemo tsohuwar da ta karɓi haihuwar, ita ma ta faɗi nata. Shekarar ba ɓoyayya ba ce ga kowa a ƙasar Anka. Aka fitar da Lawali daga cikin manya, aka damƙa shi ga Isiya, bisa sharaɗin ya zauna a gidansa, ya kuma riƙa kawo shi duk ranar zama.

A ranar na ga wani abu da ashe al'adarsa ce. Kafin a shigo da yaron, ya miƙa masa sabulu da wankakkiyar riga daga cikin jakarsa. Ba ya yarda yaro ya tsaya gaban alƙali da kayan da aka kama shi da su.

A gidansa kwano ɗaya suke ci. Ya kai shi wurin mai gyaran babura, da yamma kuma ya zaunar da shi da allo. Yaron yana da saurin fushi da saurin mantuwa. Isiya ya ce wanda ya sha ƙurar dalma da nonon uwa ba a yi masa gaggawa.

Ba duka yaransa suka shiryu ba, kada in yi masa shaidar da ba ita ba. Akwai wanda ya gudu da babur ɗinsa na farko. Mutane suka ce ya isa haka. Da aka sake kiransa ofishin 'yan sanda, a ƙasa ya taka ya je.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar Bukkuyum ne, bayan Babbar Sallah. Ya zo sayen wake, Lawali ne ke tuƙa shi. Ya rame, yana ta tari. Na ce, "Isiya, ka je asibiti." Ya ce, "Zan tahi, Malam, bari dai a ƙare zaman yaron ga." Sannan ya nuna Lawali ya ce, "Ka ga direbana. Ya hi ni sanin hanya, sai dai bai hi ni sanin birki ba."

Kafin in isa Anka yau an riga an kai shi. Na tarar da samari cike da ƙofar gidan, wasu da baƙin mai a hannu, wasu da zare a jikin riga, ba wanda ke da dangantaka ta jini da shi.

Lawali ya bari sai da jama'a ta ragu, ya durƙusa kusa da ni. Ya ce, "Baba Malam, yanzu maishe ni gidan yari za a yi?"

Shekaruna sun ja, kuma ban san aikin kotu ba. Amma ni na yi masa huɗuba a kunne, ba zan ce ban san shi ba. Na ce ya ɗauko kayansa da allonsa idan an share makoki. Zan je gaban alƙali in roƙi a mai da shi hannuna. Ban san abin da za a ce mini ba.

Ya Allah, bawanKa Isiya ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta 'ya'yan mutane. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Isiya addu'a. Ya kuma haɗa da Lawali, domin ranar zamansa ta kusa.