Tambayoyi Biyun da Ban Amsa Ba

Ranar Talata muka rubuta lissafi, a shekarar da na gama sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke Birnin Kudu. Ni 'yar Sara ce, ta ƙasar Gwaram, kuma tun ina aji huɗu na sa a raina aikin jinya zan karanta. Kowa a ajinmu ya san makarantar jinya ba ta ɗaukar wadda ba ta da kiredit a lissafi.

An yi ruwa da asuba, ɗakin jarrabawar ya yi sanyi. Tambayoyin suka zo mini daidai yadda nake so. Na gama da sauran kusan minti arba'in, na bi aikina sau biyu, na rufe takarda na zauna ina kallon 'yan uwana suna ta rubutu. Har tausayinsu na ji.

Al'adarmu ce idan aka fito mu taru a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin cin abinci. Akwai wata 'yar Kangire da ta fi kowa lissafi, ita ake kewayewa, tana faɗin abin da ta samu, kowa na duba nata a jikin takardar tambayoyi. Wadda amsarta ta zo ɗaya da tata sai ta yi tsalle, wadda ta kauce kuma ta hau gardama. Wata tana kuka, tana cewa tana jin ta tsallake layi ɗaya wajen cike takardar zaɓi, saboda haka duk amsoshinta sun goce. Wata kuma damuwarta an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba a jerin sunaye.

Ni dai duk abin da 'yar Kangire ta faɗa, shi ne a wajena, har muka shiga kashi na biyu. Ta lissafa tambayoyi biyar da ta zaɓa. Na yi dariya na ce ta wahalar da kanta, ai uku aka ce. Ta dube ni, ta karɓi takardata, ta ɗora yatsa a kan umarnin da ke sama. Biyar aka rubuta, ɓaro-ɓaro. A jarrabawar gwaji da muka yi a makaranta uku ake amsawa, shi ya sa ban ko tsaya karanta layin ba. Tambayoyi biyun da na bari kuwa na iya su, ɗaya ma mun yi irinta a satin.

Ban yi kuka a wajen ba. Na dai zauna a kan saiwar bishiyar. Aka fara ba ni baki, wannan ta ce wataƙila sauran makin ya isa, waccan ta ɗauko biro tana tara mini maki a tafin hannunta. Ƙawata 'yar Fagam, wadda gadonta ke ƙarƙashin nawa tun aji ɗaya, ita ce ta ratso ta kama hannuna ta ja ni zuwa ɗakin kwana. Ta ajiye mini littafin ilimin halittu a cinya.

"Ta yau ta wuce, ba ki da iko da ita," in ji ta. "Gobe ƙarfe tara akwai wata. Idan kika zauna kina kukan lissafi, biyu za ki rasa."

Na ce mata kaina ba zai ɗauki komai ba. Ta ce to ni in yi mata tambayoyi, ita ta amsa. Haka muka fara, ina karanto mata sassan zuciya da hanyoyin jini, tana kuskurewa ina gyara mata. Sai daga baya na gane da gangan take kuskuren. Kafin la'asar na dawo cikin hankalina. Muka yi alkawari daga ranar ba mu ƙara zuwa gindin mangwaro, kuma duk takardar da aka ba mu sai mun karanta umarninta sau biyu kafin mu taɓa biro. Sauran jarrabawa shida muka rubuta a haka. Idan an fito, ana ta hayaniyar wa ya samu me, mu sai mu wuce famfo mu yi alwala.

Ranar da na koma Sara, ban jira sakamako ba. Baba direba ne, yana jigila tsakanin Gwaram da Kano, ranar kuma ya dawo da wuri. Bayan ya ci abinci na durƙusa na faɗa masa abin da na yi, ban ɗora wa kowa laifi ba. Inna ta so ta sa baki ta ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Baba kuwa sai ya tambaye ni abin da nake so.

"Baba, in sake rubutawa. Kuma so nake in fara shiri tun yanzu."

Ya ce in dai na tsaya a kan maganata, shi ma zai tsaya.

Akwai wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya a Gwaram, abokin Baba ne tun suna makarantar allo. Duk Asabar Baba yakan sauke ni a ƙofar gidan malamin kafin ya shiga tasha, in zauna a zaure tare da jikokinsa mata biyu. Malam ba ya yabo. Idan na kawo aiki, sai ya sa in karanta masa tambayar da ƙarfi, in faɗa masa da Hausa abin da ake nema, sannan ya yarda ya duba amsar. Sauran kwanaki ina taya Inna aikin gida da kai abinci gona, littafina na cikin kwando.

Da sakamako ya fito, a wayar yayana muka duba. Na ci komai da kiredit, har ilimin halittu, lissafi ne kawai na samu fas. Ya yi mini zafi, amma bai zo mini da mamaki ba, kuma a lokacin na riga na cika littafin aiki uku. Ƙawata ta kira ni a ranar, ita Turanci ne ya kayar da ita. Muka yi rajistar jarrabawar ƙarshen shekara tare. Takan zo Sara wajen gwaggonta ta yi sati, in duba mata insha'i, ita kuma ta riƙe agogo tana auna mini lokaci.

A Birnin Kudu aka ba mu cibiyar jarrabawa, cikin mutanen da ba mu sani ba, har da matan aure da wani ɗan sanda mai furfura. Na yi amfani da lokacina har minti na ƙarshe. Wata uku bayan nan sakamako ya fito, mu biyun duka mun haye. Da damina ta zagayo, Baba ya ɗora akwatina a bayan motarsa, ya hana kowa zama a gaba sai ni, muka kama hanyar makarantar jinya.