Kwalta Mai Zafi a Bakin Kara

Har gobe ban manta da wata Juma'a da muka zuba kwalta a bakin kasuwar shanu ta Wudil ba. Duk sanda na ga ɗayanku, ku matasan injiniyoyi, ya buɗe zanen hanya a kwamfuta yana gyaɗa kai kamar ya gama aiki, ita nake tunowa.

Lokacin ina foman a wani kamfanin gina hanyoyi, wato ni ne tsakanin injiniya da leburori: injiniya ya faɗa, ni in sa a yi, idan abu ya lalace kuma mu biyun ake wa faɗa. Shekarun nan ne Kano ta cika ta batse ta fara yowa wajenmu. Masu kuɗi suna ta sayen filaye a bakin titi, nan gidan mai, can injin casar shinkafa, can ɗakunan haya na ɗaliban jami'a. Sai aka ba mu aikin faɗaɗa wani yanki na hanyar da ta ratsa tsakanin kara, wato kasuwar shanun, da filin da tireloli ke lodi.

Injiniyarmu wata yarinya ce, Rabi, ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba. Tana cikin watannin gwaji: idan yankinta ya yi kyau a tabbatar da ita, idan ya lalace a sallame ta. Ita ce kuma ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta. Baba Foman take ce mini. Ni kuwa da farko ban ɗauke ta a bakin komai ba, don hular kwanon ma ta yi mata yawa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: kwalta da zafinta ake ɗauko ta daga inda ake dafa ta, a lulluɓe tifa da tamfol. Dole a shimfiɗa ta, rola ta danne ta tun tana da zafi. Idan ta huce a mota ta zama dutse, sai zubarwa. Idan kuma an shimfiɗa, ba mai taka ta sai ta huce sarai, in ba haka ba duk abin da ya hau sai ya bar sawunsa.

Ranar Laraba aka tsara aikin, sai injin dafa kwaltar ya lalace. Da aka gyara ranar Alhamis, Manaja ya bugo waya daga Kano ya ce gobe za a zuba. Na karɓi wayar na ce, "Ranka ya daɗe, gobe fa Juma'a, kasuwar Wudil ke ci." Ya ce masu duba aiki za su zo ranar Litinin, shi ba ruwansa da kasuwa. Ya ƙara da cewa in gaya wa Injiniya, idan kwaltar nan ta lalace kada ma ta wahalar da kanta zuwa ofis. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ɗan Dagumawa ne, nan kusa da Wudil, na san abin da Juma'a take nufi a garin nan. Shi bai taɓa gani ba.

Da hantsi abin da na ji tsoro ya faru. Tifofinmu suka maƙale tun daga gada. Tireloli sun toshe hanya, 'yan kasuwa sun baza kaya har kan titi, shanu na ta kwararowa ta Darki da Kausani da wuraren da ban ma san sunansu ba. Direban tifar gaba ya bugo ya ce ko keke ba zai ratsa ba. Na ce wa Injiniya mu nemo jami'an tsaro su buɗe mana hanya da bulala. Ta ce, "Baba Foman, wa ake jin maganarsa a kasuwar nan?" Na ce shugaban dillalan shanu, wani dattijo, Alhaji Buba. Ta ce in kai ta.

Muka same shi a rumfarsa a kan buzu, mutane sun kewaye shi. Hankalina yana kan kwalta, amma yarinyar nan ta cire hular kwano, ta durƙusa, ta gaishe shi tiryan-tiryan: kwana, gajiya, iyali, kasuwa, har da tambayar yadda shanu suka sha hanya. Kamar in fashe. Sai da aka gama sannan ta yi masa bayani, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce buƙata biyu ce. A buɗe wa tifofi hanya, sannan idan an shimfiɗa, kada kofato ko ɗaya ya hau sai kwalta ta huce.

Alhaji ya ce ta farkon mai sauƙi ce. Ta biyun ce mai wuya. Ya ce, "'Yata, kin san abin da kike roƙo? Duk saniyar da aka saya yau ta nan za ta tsallaka a loda ta zuwa Kudu. Sai yaushe za ta huce?"

Ta ce, "Baba, da zafin ranar nan, ba zan yi maka ƙarya ba, sai bayan la'asar."

Ya ce, "In aka taka fa?"

Ta ce, "Za a kankare a sake, ku ƙara wata guda kuna zagaye. Ni kuma a kore ni."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce mu je mu shirya injinanmu.

Jama'a, abin da na gani daga nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ba lasifika, ba jiniya, ba wanda ya ɗaga murya. Alhaji ya kira dillalai kaɗan ya yi musu magana ƙasa-ƙasa, suka watse. Daga inda nake tsaye a kan rola ina kallon maganar tana tafiya daga baki zuwa baki. Mai tukwane ta janye tukwanenta, mai kifi ya ɗauke tirensa, direbobin tirela suka rinƙa ja da baya suna raɓewa. Masu korar shanu suka gitta sandunansu, garke ya dare biyu. Kafin in gama salati sai ga tifofinmu sun taho a jere a tsakiyar kasuwa, tururi na fita ta ƙarƙashin tamfol. Injiniya ta soka ma'aunin zafi a ta farko, ta dube ni ta gyaɗa kai.

Muka shimfiɗa, rola ta bi, aka gama daf da azahar. Nan wani tsoron ya kama ni: kowa zai tafi masallaci, wa zai riƙe shanu? Na tambayi Alhaji. Ya ce yawancin masu korar nan daga nesa suka taho, matafiya ne, Juma'a ba ta wajaba a kansu ba, su za su tsaya. Na tafi masallaci, amma Allah Ya yafe mini, rabin huɗubar nan zuciyata tana kan titi.

Da na dawo sai na tsaya cak. Ga baƙar kwalta shimfiɗe tana sheƙi, ba kowa a kanta. Gefenta kuwa shanu ne iya ganinka, ƙaho bayan ƙaho, farare da jajaye, dukkansu sun fuskanci titi. Abin da ya raba su da kwaltar nan sanduna ne kawai a hannun samari ramammu. Mu kanmu igiya muka ɗaura, wadda ko akuya za ta tsinke.

Rana ta take, shanu suka fara jin ƙishi suna tunkuɗar juna. Wani bijimi ya zabura har ya kawo bakin igiya, mai shi ya yi masa wani irin kira da Fulatanci, ya tsaya yana huci. Injiniya ta ga haka ta ce a juya tankar ruwanmu, wadda muke jiƙa ƙafafun rola da ita, ta je kogi ta ciko. Aka jera rabin durom-durom, leburorinmu da masu kora suka rinƙa shayar da garke bayan garke. Ni da na ce a kawo bulala, ni ne riƙe da mesa.

Bayan la'asar Alhaji ya zo da dillalai a bayansa. Masu tireloli sun ƙosa, ana ta gunaguni. Injiniya ta shiga tsakiyar titi ita kaɗai, ta auna, ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan kwalta. Ta miƙe ta ce, "Baba, da saura." Na ce a raina yau za a tattake mu. Wani dillali ya fara magana, Alhaji ya ɗaga hannu kawai, ya sa aka kawo masa buzunsa ya zauna a bakin titi. Tun da ya zauna, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Sai da inuwa ta miƙe ta sake ɗora hannu. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce, "Bismillah, a wuce." Sanduna suka ɗaga. Ƙasa ta ɗauki rugugi har cikin ƙirjina, shanu suka yi ta tsallakawa har na gaji da kallo. Da na ƙarshe ya wuce muka bi titin nan a sunkuye daga farko har ƙarshe. Kashin shanu kam ga shi nan birjik, amma sawun kofato ko ɗaya babu. Injiniya ta zauna a gefen kwalbati tana share hawaye da mayafinta. Ni ma dai na juya baya na ɗan gyara hulata.

Ta je ta durƙusa tana yi wa Alhaji godiya, ta ce ya ceci aikinta. Ya ce, "Na ji daɗi da aikinki ya tsira, 'yata. Amma ai hanyar tamu ce. Ku jibi za ku kwashe injinanku ku tafi."

Masu duba aiki suka zo ranar Litinin, aka tabbatar da ita. Abin da na koya shi ne, mu ma'aikatan hanya baƙi ne a duk inda muka sauke inji, kuma mutanen da muke kira cunkoso a takarda suna da tsarinsu tun kafin mu zo. Don haka kafin ku ja layi ko ɗaya a zane, ku je ku tambayi ranar da kasuwa ke ci da wanda ake jin maganarsa, sannan ku cire hula ku gaishe shi.