Hancin Mak Cik Zabedah

A garinmu Balik Pulau, in gardama ta kaure a kan durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, Mak Cik Zabedah ake kira, wato Inna Zabedah. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, shekara ashirin ke nan ina shan warin hajarta kyauta. Za ta ɗaga ɗan itacen da ƙayarsa, ta ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, ta shinshina gindinsa, sai ta gaya maka irinsa har da bishiyar da ya faɗo. Ba ta fasawa kafin ta yanke hukunci.

Bara ƙafafun mijinta, Pak Cik Rosdi, wato Baffa Rosdi, suka fara nauyi. Mutumin da ke hawa tudun gonarsa kamar akuya ya koma jan silifas. Na ce masa tsufa ne, ya ce tsufa ya ci gidanmu. Ashe ƙari ne a lakar bayansa.

Aka yi aiki aka cire. Ranar komawa asibiti ni na kai su, a motata ta dakon kifi.

Likitar, wata 'yar siririya mai suna Dakta Thevi, ta ce, "Mak Cik, ƙarin nan iri biyu ne masu kama da juna. Ɗaya in an cire, galibi shi ke nan. Ɗayan kuwa dawowa yake ya bazu. Ido kaɗai ba ya raba su, don haka mun aika ɗan yanki Kuala Lumpur a karanta ƙwayoyin halittarsa. Sati uku."

"Sati uku? 'Yar nan, kawo shi nan in shinshina!"

Na ce, "Dakta, a ba ta mana. In ta ce na tsohuwar bishiya ne, ai ba ta yi ƙarya ba." Pak Cik ya kawo mini sanda, na goce.

A sati na biyu ta miƙa wa wani mai saye durian, ta rantse ya nuna. Aka fasa, ɗanye shar. Ta tsaya tana kallonsa, wuƙa a hannu.

Da sakamako ya iso, irin mai sauƙin ne. Sai dai ya riƙa zuwa hoto duk wata shida.

Washegari ta ɗauki durian mafi kyau a gonar, sai asibiti. Mai gadi ya toshe hanci ya ce wannan ba ya shiga. Ta zauna a wurin ajiye motoci ta ce ita ma ba ta tashi. Dakta Thevi da kanta ta sauko, ta naɗe hannun riga ta ci, har da lasar yatsa.

Yanzu Pak Cik yana hawa tudun nan kullum da safe, da sanda, yana hutawa sau uku. Ita kuwa tana ƙasa tana gaya wa masu saye, "Su likitoci sai sun aika Kuala Lumpur. Ni nan take."

Nakan leƙo ta katanga in ce, "Ɗanyen nan fa na rannan?" Sai ta jefo ni da ɓawon durian.